Wace doka ce za ta kare mini haɗin abincin maguna?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masana shari'a da 'yan kasuwar da ke cikinmu. Sana'ata haɗa busasshen abincin maguna a nan Kaduna, da kifi da kaza da shinkafa da wasu 'yan abubuwa da na daɗe ina gwadawa kafin su zauna daidai. Tunda na waje ya yi tsada masu kiwon mage suka juyo gare ni, har oda ta fi ƙarfin ɗan injina. Wani mai masana'antar abincin kifi ya ce zai riƙa buga mini da babban injinsa, ni in kawo leda mai sunana, amma sai na ba shi cikakken lissafin haɗin, awo da awo. To in na miƙa masa takardar nan, me zai hana gobe ya buga nasa ya sa wani suna? Ƙanin maigidana ya ce in je Abuja in yi wa haɗin rajista ya zama mallakina. Akwai irin wannan rajistar kuwa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai abu mai sauƙi ne, ki yi rajistar kamfani da CAC, shi ke nan ba mai taɓa miki kaya.

Barista Uwani: Malam Baban Sadik, a yi haƙuri, ba haka ba ne, kuma mutane da yawa sun yi asara a kan wannan fahimtar. CAC sunan kasuwanci take yi wa rajista don hukuma ta san da zamanka. Ba ta kare haɗi, ba ta ma kare tambarin da ke jikin leda.

Hajiya, abin da ƙanin maigidanki yake nufi, ina jin, shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira. Dokarta a Najeriya ta 1970 ce, ofishin rajistarta yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, kuma wanda ya samu yana da shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda, in dai yana biyan kuɗin shekara-shekara. Jin haka sai mutum ya ce ai an gama. Amma ki duba sharuɗɗan. Dole abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, ko a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi. Dole kuma ya zama ba abin da duk wanda ya san sana'ar zai iya hangowa da kansa ba. Kifi da kaza da shinkafa a abincin mage ba sabon abu ba ne, tun wajajen 1860 James Spratt yake sayar da biskit ɗin karnuka a Landan, kuma daga lokacin zuwa yau an gwada kusan kowane irin haɗi. Canza awo kaɗai, a ce kifi ya ɗan rinjayi kaza, ba ya zama ƙirƙira a idon doka. Ga shi kuma kin riga kin fara sayarwa, wanda shi kansa hujja ce ga duk mai son ya ce abin ba sabo ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne na gaba. Ba a ba ki wannan takardar sai kin rubuta bayanin haɗin dalla-dalla, yadda duk mai ilimin sana'ar zai karanta ya yi irinsa, kuma bayanin nan a buɗe yake ga mai son dubawa. Cinikin ke nan: ki ba duniya sirrinki, hukuma ta ba ki shekara 20.

Baban Sadik: To Barista in an ba ta takardar ai ta samu kariya ko? Na san mutanen da suka samu ba tare da wahala ba.

Barista Uwani: Sauƙin samunta shi ne haɗarinta. Ofishin rajistar yana duba ko takardu sun cika ne da ko an biya kuɗi, ba ya bincika ko abin sabo ne da gaske. Dokar da kanta ta ce wanda aka ba shi ne ke ɗauke da alhakin ingancinta, hukuma ba ta lamunce masa ba. Ranar da Hajiya ta kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, abu na farko da lauyansa zai nema shi ne a soke takardar, ya kawo buhunan abincin mage na ƙasashen waje da littattafan ciyar da dabbobi a matsayin shaida. In aka soke, ba takarda, sirri kuma ya riga ya fita. Ni ba zan ba ta wannan shawarar ba, sai dai in tana da wata dabarar sarrafawa da ba a taɓa gani ba, misali hanyar busarwa da ke hana kifi lalacewa a zafinmu ba tare da sinadarin adanawa ba. Irin wannan ne ake kai wa NOTAP, hukumar gwamnati mai bunƙasa fasaha, su taimaka a shigar.

Ummu Affan: Barista, haƙƙin mallaka fa, irin na marubuta da mawaƙa? In ta rubuta haɗin a littafi ai ya zama rubutunta.

Barista Uwani: Rubutun ya zama nata, girkin bai zama nata ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta fito fili ta cire tunani da tsarin aiki da hanyar yin abu daga cikin abin da take karewa. In wani ya kwafi kalmominta da hotunanta ya buga, ta kama shi. In ya karanta ya je ya haɗa abincin ya sayar, bai taɓa wannan dokar ba. Ba mu kaɗai ba ne a haka. A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1996 cewa jerin kayan haɗi da awonsu ba abin mallaka ba ne. A 2018 kuma kotun Tarayyar Turai ta saurari rigimar wasu kamfanonin Holan biyu a kan wani cuku na shafa wa burodi, ta ce ɗanɗano ba ya shiga haƙƙin mallaka, don harshen kowa daban yake ji, ba yadda za a auna shi a ce ga iyakarsa.

Maman Ilham: Innalillahi. Ke nan Barista ba ni da komai?

Barista Uwani: Kina da abu biyu, kuma su ne manyan kamfanonin duniya suka dogara da su: sirri da suna.

Sirri tukuna. Najeriya ba ta da wata doka guda da aka keɓe wa sirrin kasuwanci kamar yadda Amurka ta yi a 2016, amma kotunanmu suna hukunta cin amanar sirri bisa ƙa'idojin da muka gada daga shari'ar Ingila, suna kuma aiki da yarjejeniyar da mutane suka sa wa hannu. Akwai shari'ar da ta yi kama da halin da kike ciki sosai, ta Coco da kamfanin Clark a 1968. Coco mutum ne da ya zana injin ƙaramin babur, ya kai wa kamfanin don su ƙera tare, ya nuna musu komai, ciniki ya watse, sai ga kamfanin ya fito da nasa babur ɗin. Alƙali ya ce mai ƙara sai ya tabbatar da abu uku: bayanin sirri ne da gaske, an ba da shi a yanayin amana, kuma an yi amfani da shi ba da izini ba. Coco bai samu umarnin dakatarwar da ya nema ba, don ya kasa nuna cewa abin da aka ɗauka sirri ne ba abin da masu sana'ar suka riga suka sani ba.

Saboda haka kada ki miƙa komai kafin a sa hannu a takardar riƙe sirri. Takardar ta faɗi ainihin abin da ake kira sirrin, ta hana shi amfani da shi sai don buga kayanki, ta ɗora masa alhakin ma'aikatansa, ta ce amanar tana nan ko bayan kun rabu, ta kuma faɗi diyya. Yarjejeniyar cinikayya ta duniya da Najeriya ke ciki tun 1995 ma sharaɗin da ta sa ke nan: ba a kare sirri sai mai shi ya nuna ya ɗauki matakan ɓoye shi. In lissafin yana manne a bangon ɗakin aiki, ko kin taɓa tura shi a WhatsApp ga mai kawo miki kifi, kotu za ta ce ke ma ba ki ɗauke shi sirri ba.

Injiniya Bala: Ni aikina gyara da sarrafa irin waɗannan injina, bari in sa baki. Hajiya ba dole ki ba shi komai da komai ba. Abin da mai inji yake buƙatar sani shi ne yawan sitaci da mai da danshi, don da su ake saita zafi da matsi har ƙwayar ta kumbura ta fito daidai. In mai ya yi yawa a cikin ƙullun ba za ta kumbura ba, shi ya sa ake fesa yawancin man daga baya. To wannan gangar jikin, wato garin kifi da shinkafa, ba za ki iya ɓoye masa ba, yaron da ke zubawa zai haddace a mako guda. Amma abin da ke sa mage ta zaɓi abinci yawanci yana cikin abin da aka lulluɓe ƙwayar da shi daga ƙarshe, da ɗan garin bitamin da ake zubawa kaɗan. Waɗannan ki haɗa su a gida da hannunki, ki kai masa a ƙulle da lamba kawai, ki ce kowane buhu kaza a zuba ƙulli ɗaya. Ko KFC, masu sayar da soyayyun kaji a duniya, kamfani biyu ne ke haɗa musu kayan yajinsu, kowa rabi ya sani.

Alhaji Mai Tantabara: Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma ni abin ya taɓa ni. Haɗin abincin tantabaru nake yi a Kano, gero da dawa da alkama da wasu ƙwayoyi, da garin da nake ƙarawa lokacin saƙar gashi da lokacin kwanci. Yaron da na ɗauko tun bai san bambancin gero da maiwa ba, na koya masa komai, rana ɗaya ya tashi ya buɗe nasa a layi na gaba, ya bi abokan cinikina ɗaya bayan ɗaya yana cewa ai shi ne dama yake haɗawa. Ba takarda tsakaninmu, don ɗan aminina ne, kunya ba za ta bari in ce ya sa hannu ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Hajiya kada ki yarda da kowa, ko yaran gidanki kada su ga awon.

Auwalu Rigasa: Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma a bar ni in faɗi ta ɓangarenmu mu yaran shago. Na yi shekaru ina haɗa abincin kaji a ƙarƙashin wani maigida, abin da ake ba ni bai wuce na abinci da sabulu ba, ana cewa ai sana'a kake koya. To in sana'ar ce ladana, ranar da na tashi sai a ce in bar ta a ƙofar shago? Da me zan ci da iyalina? Ba a kwashe ilimi daga kan mutum. Kuma kowane maigida da ke kuka yau, shi ma a hannun wani ya koya.

Alhaji Mai Tantabara: Auwalu, ni ban ce kada ya yi sana'a ba. Da ya zo ya ce Baba ina so a yaye ni, da ni zan ba shi jari. Abin da ya yi sata ce da rana tsaka.

Auwalu Rigasa: Ranka ya daɗe, nawa ne ake yayewa in ba su tashi da kansu ba? Wani sai ya yi furfura yana jiran ranar.

Barista Uwani: Ku biyun kowa yana da gaskiya a wani wuri, kuma doka ta raba muku. Akwai shari'ar kamfanin Faccenda da tsohon manajansu Fowler a Ingila, a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanin kaji yake sayarwa a motoci masu sanyi, manajan ya bar aiki ya buɗe irin kasuwancin, yana bin hanyoyin da ya sani da mutanen da ya sani da farashin da ya sani. Kamfanin ya kai ƙara ya faɗi. Kotu ta ce ƙwarewa da sanin da ma'aikaci ya tara a bakin aiki nasa ne, ya tafi da su. Abin da ba zai taɓa ba ko bayan ya tafi shi ne sirri na haƙiƙa, irin lissafin haɗi na musamman, kuma cikin abin da ake dubawa har da ko maigidan ya nuna masa tun farko cewa wannan abu amana ne.

Don haka Auwalu, iya haɗa abincin kaji naka ne har abada. Littafin awon maigidanka ba naka ba ne, ko a takarda ka ɗauka ko a waya. Alhaji kuma, kunyar nan da ta hana ka rubutawa ita ta raunana ka. Ana iya rubuta cewa yaro ba zai buɗe irin sana'ar kusa da kai ba na wani lokaci, amma sai sharaɗin ya zama mai hankali a tsawonsa da faɗin yankinsa, in ba haka ba kotu ta yi watsi da shi. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta sa iyakar shekara 2 ga irin wannan sharaɗi. Ni kuma a ganina, maigidan da ke son yaro ya riƙe masa sirri ya fara biyansa albashin da zai sa ya zauna.

Malam Habu: Akwai wanda ya tambaye ni a gefe ko ɓoye haɗi bai shiga cikin ɓoye ilimi da aka yi gargaɗi a kansa ba. Malamai sun fassara wannan gargaɗin da ilimin da mutane ke da larurarsa, musamman na addini, wanda in aka ɓoye za a cutu. Dabarar sana'a da mutum ya wahala ya samo dukiyarsa ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu daraja ta dukiya, bai halatta a keta su ba. Rubuta yarjejeniya kuma ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Alhaji, da ka rubuta da ɗan amininka, da wataƙila zumuncin yana nan.

Dakta Sa'adatu: Na karanta duka, kuma ina so in ja hankali ga wadda ba ta da baki a wannan muhawarar, wato magen. Ni likitar dabbobi ce, kuma kalmar sirri tana tayar mini da hankali in an zo batun abinci. Ana kawo mini maguna sun rame, gashi na zuba, wata ba ta gani sosai, in tambayi me take ci, a nuna mini leda ba rubutun komai sai suna da lambar waya. In na kira mai kayan sai ya ce haɗinsa sirri ne. To ni da me zan yi magani?

Mage ba ƙaramin kare ba ce, mai cin nama ce zalla. Akwai sinadarin da ake kira taurine wanda jikinta ba ya iya samar da isasshe, sai daga nama. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancinsa a abincin kanti ne ke kumbura zuciyar maguna yana kashe su, kamfanoni suka ƙara shi, cutar ta ragu ƙwarai. Rashinsa yana makantarwa ma. Albasa da tafarnuwa, da muke ganin gyaran miya ne, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare. Ɗanyen kifi na wasu nau'o'i yana lalata bitamin B1. Masara da gyaɗar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda aka gano ta bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar ƙulin gyaɗa da aka sa a abincinsu, kuma mu nan mun san yadda ake ajiye hatsi da damina. Hajiya Maman Ilham, ban ce naki yana da matsala ba. Amma zafin babban inji ya fi na ɗan injinki, yana cinye wani ɓangare na bitamin, don haka abin da ya fito daga can sai an sake gwada shi.

Ki ɓoye awo, ki ɓoye dabarar sarrafawa. Abin da ke ciki kuwa haƙƙin mai saye ne ya sani.

Maman Ilham: Dakta na gode, kuma ina sa taurine, wani abokin aikinku ne ya ɗora ni a kai tun farko. Amma in na jera kayan haɗin a jikin leda ai na tona rabin sirrin da kaina.

Dakta Sa'adatu: Ba ki da zaɓi Hajiya. NAFDAC tana da sashen da ke kula da magunguna da abincin dabbobi, kuma ba za ki samu lambarsu ba sai kin bayyana abin da ke ciki, sun duba wurin da ake bugawa, sun gwada kayan. Abin da ake rubutawa a leda jerin kaya ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, da kason furotin da mai da danshi. Ba a ce ki rubuta kifi kilo kaza ba, ko irin kifin da inda kike samo shi, ko minti nawa yake yi a wuta. Ki ɗauki buhun kowane babban kamfani ki duba, duk sun jera, kuma ba wanda ya iya buga irin nasu sak daga karanta buhu.

Injiniya Bala: Kuma ko ba ta rubuta ba, mai kuɗi zai kai ɗakin gwaje-gwaje a faɗa masa.

Barista Uwani: Haka ne, kuma doka ba ta hana ba. Wanda ya sayi kayanki a kasuwa ya bincika ya gano haɗin da ƙoƙarinsa, ko ya ƙirƙiro irinsa shi kaɗai, bai ci amanar kowa ba. Iyakar kariyar sirri ke nan, tana kama maci amana ne kawai. A 2014 kamfanin abincin dabbobi na Purina ya kai abincin abokin hamayyarsa Blue Buffalo gwaji a Amurka, ya gano garin tarkacen kaji a ciki alhali suna talla cewa ba sa sawa, ya maka su a kotu. Daga baya Blue Buffalo ya amince akwai, ya ɗora laifin a kan mai kawo masa kaya, ya kuma yarda ya biya masu saye dala miliyan 32. Ku lura, ba a kan satar haɗi aka yi rigimar ba, a kan abin da aka rubuta a buhu ne.

Wannan ya kawo mu ga abu na biyu, suna. Shi ne kaɗai cikin duk abin da muka lissafa da za ki riƙe takardarsa ki kwana da ita hankali kwance. A yi bincike a ofishin rajistar tambari a ga ba mai irinsa, a shigar a rukuni na 31 inda abincin dabbobi yake, a buga a mujallar ofishin a jira wata 2 ko wani zai yi jayayya, sannan a ba ki shaida. Ta farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14, ba iyaka. Sunan ya zama na daban, ba irin "Abincin Mage Mai Kyau" ba, don ba a ba mutum ɗaya kalmomin da kowa ke buƙata ya bayyana kayansa. Ki shigar da sunanki ko na kamfaninki, kafin mai masana'antar ya ga ledar, kuma lambar NAFDAC ma ta fito da sunanki, shi a rubuta shi a matsayin mai buga miki kawai. Na ga inda aka bar wa mai inji ya yi duk rajistar don sauƙi, ranar rabuwa mai kaya ta tashi ba suna ba lamba.

Ko ba rajista ana iya ƙarar wanda ya yi shigar burtu da kamannin kayanki, tun shari'ar Niger Chemists da Nigeria Chemists ta 1961 kotunanmu ke hana haka, amma a nan sai kin tara shaidun cewa jama'a sun san sunan da ke kuma an ruɗe su, aiki ne mai tsawo da cin kuɗi.

Ɗan Maraɗi: Barista, mu nan kayan Kano da Kaduna suna shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa kullum. In Hajiya ta yi rajista a Abuja, wani a Maraɗi ya buga leda da sunanta fa?

Barista Uwani: Rajistar Abuja a kan iyaka take tsayawa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai rajistar tambari da ƙirƙira, mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Ƙasashe 17 ne, har da Kamaru da Cadi da Benin, rajista ɗaya ta game su duka, shekara 10 ana sabuntawa. Najeriya ba ta ciki. Wanda ya riga shigar da sunan a can shi ke da rinjaye, har yana iya tare kayan Hajiya na asali a matsayin jabu. In tana da niyyar tsallakawa, ta shigar kafin sunan ya yi ƙarfi a can.

Maman Ilham: Na fahimta. Saura abu ɗaya Barista. Mutumin ya ce dole zai ɗan gyara haɗin don ya dace da injinsa. In ya gyara, na wa ya zama?

Barista Uwani: A nan ne yawancin irin wannan haɗin gwiwa ke fashewa, don zai ce wanda ake sayarwa yanzu ai ba naki ba ne, nasa ne da ya gyara. Dokar 1970 ta ce ƙirƙirar da aka yi a cikin aikin da wani ya ba da kwangilarsa ta wanda ya ba da aikin ce, amma wannan a kan abin da ya kai matsayin ƙirƙira take magana, gyaran awo bai kai ba. Sai a rubuta a yarjejeniya cewa duk gyara ko ƙari da aka yi wa haɗin naki ne, kuma dole a ba ki shi a rubuce kafin a buga da shi. Kafin ku zauna, ki rubuta haɗinki na yanzu da kwanan wata, ki sa hannu gaban lauya a rufe a ambulan ya ajiye, don ranar gardama a san da me kika shigo.

Injiniya Bala: A ƙara da batun rara. Inji ba ya tsayawa cif a kan abin da aka yi oda, kullum akwai saura, ga na farkon bugu da ake warewa kafin saiti ya zauna. Wannan saurar ce ke fita ta ƙofar baya a sayar a mudu, wani lokaci ma maigidan bai sani ba. A rubuta cewa duk rara taki ce, a auna a gabanki ko wakilinki. Ledojin kuma kada ki bari a buga su a wurinsa ko su kwana a ɗakin ajiyarsa. Ki kai adadin da ake buƙata a ranar, a ƙirga a shiga da su, a ƙirga cikakku da waɗanda suka yage a fito da su.